Ta ina zan fara rubuta manhajar aika saƙo tsakanin manhajojin kamfani?

Sabon_Shiga: Salamu alaikum 'yan uwa. Na iya Java da ɗan Python. So nake manhajar karɓar oda ta riƙa tura wa ta fitar da rasit aiki ba tare da ta tsaya jiranta ba. RabbitMQ, ActiveMQ ko Kafka? Me zan fara koya?

MalamLayi: Wa alaikumus salam. Ajiye Kafka tukuna, ya fi ƙarfin aikin nan. Ɗora RabbitMQ a Docker da `rabbitmq:4-management`. Manhajarka za ta shiga ta ƙofa (port) mai lamba 5672, kai kuma ka buɗe ƙofa 15672 a burauza ka ga layukan da saƙonni ke jira a ciki da idonka. Rubuta mai aikawa ɗaya, mai karɓa ɗaya.

Inda saƙo ke ɓacewa shi ne abin lura. Ka ayyana layin da `durable=True`, saƙon kuma da `delivery_mode=2`. In ka yi ɗaya ka bar ɗaya, da zarar wuta ta ɗauke, dillalin, wato RabbitMQ da ke riƙe saƙonni a tsakani, zai tashi ko dai babu layin, ko layin na nan amma wayam. Sannan ka kashe `auto_ack`, domin da shi dillali yana share saƙo tun lokacin da ya miƙa shi. Sai aiki ya kammala za ka kira `basic_ack` ka tabbatar wa dillali an gama. Gwada ka gani: tura saƙo 100, ka kashe mai karɓa ana tsakiyar aiki, ka ƙirga rasit.

Hajiya_Backend: Gaskiya ne, malam, amma akwai saura. Idan mai karɓa ya rubuta rasit ya mutu kafin ya tabbatar, saƙon zai sake zuwa, rasit ya zama biyu. Ba matsalar RabbitMQ ba ce, haka tsarin yake. Kowane saƙo ya zo da lambarsa ta musamman, ka adana ta a rumbun bayanai, a ginshiƙi mai `UNIQUE` (wanda ba ya karɓar maimaici), tare da rasit ɗin a rubutu guda. In ta maimaitu, ka tabbatar kawai ka wuce.

Sabon_Shiga: Na gode, Hajiya. To idan saƙon ne kansa gurɓatacce fa?

Dan_Jakarta: Kada ka mayar da shi layi, zai yi ta zagaye yana cinye injin. Ka ƙi shi da `requeue=False`, ka sa `x-dead-letter-exchange` ya kai shi layin gefe a duba da hannu. Ka kuma sa `prefetch_count`, wato yawan saƙon da mai karɓa zai riƙe kafin ya tabbatar, kamar 10, in ba haka ba mai karɓa ɗaya zai iya kwashe komai saura su zauna zugum.

Tunda ka iya Java, in kamfaninku na bin JMS, wato ƙa'idar aika saƙo ta Java, ActiveMQ Classic yana sauraro a 61616, kuma bayan ya sake gwadawa sau 6 yakan jefa saƙo a layin gefensa, `ActiveMQ.DLQ`. Kula da sunan fakiti: Spring Boot 3 `jakarta.jms` yake so, tsofaffin misalan intanet kuwa `javax.jms` ne, ba sa haɗuwa.