Wane lokaci ne sinadarai masu guba suka fi yi wa ɗan tayi illa?

Ummu Hanan ta rubuta:
Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga masana. Wasu na cewa idan mace ta shaƙi guba ko ta sha magani mai ƙarfi a farkon ciki babu abin da zai samu jariri, wasu kuma na cewa farkon ciki shi ne mafi hatsari. Wanne ne daidai? Kuma zafi da damuwa su ma suna taɓa tayi kamar sinadari?

Dakta Bala ya amsa:
Wa alaikumussalam Hajiya. Duka biyun suna da gaskiya, kwanakin da kowa ke magana a kai ne suka bambanta. A mako biyu na farko bayan ƙwai ya haɗu da maniyyi, ƙwayoyin tayin ba su rabu kowa da aikinsa ba. Idan guba ta yi yawa sai cikin ya zube, sau tari ba a ma san an ɗauka ba. Idan kaɗan ta kashe, sauran su cike gurbi. Nakasa ba ta cika fitowa daga nan ba.

Daga mako na 3 zuwa na 8 ake gina gaɓoɓi, nan ne hatsarin yake. Zuciya na fara bugawa wajen kwana na 22, bututun da zai zama ƙwaƙwalwa da laka yana rufewa kafin kwana na 28. A lura, asibiti kan ƙirga daga ranar farkon haila ta ƙarshe, don haka sai a ƙara mako biyu a kan waɗannan lambobi. Kwana na 28 ke nan mako na 6 a katin awo, lokacin da mata da yawa suke fara zargin ɓatan wata.

Maganin talidomaid, wanda aka sayar daga 1957 zuwa 1961, ya nuna wannan ƙarara. An haifi yara sama da 10,000 da nakasa, kuma illar ta tsaya tsakanin kwana na 20 da na 36. Wadda ta sha da wuri a cikin kwanakin nan, kunnen jariri ya fi lalacewa. 'Yan kwanaki bayan haka, hannuwa. Daga nan ƙafafu.

Malama Zulai ta amsa:
Dakta ya yi bayani, amma kada a ɗauka bayan mako na 8 an tsira. Ƙwaƙwalwa tana ci gaba da ginuwa har bayan haihuwa, kuma ƙarafa masu guba ita suke nema.

Dalma tana taruwa a ƙashi tsawon shekaru. Da ciki ya shiga, jiki kan zari kalsiyom daga ƙashin uwa don gina na jariri, dalmar kuwa ta biyo shi cikin jini ta ƙetare mabiyiya. Wato gubar da mace ta shaƙa tun tana yarinya, daga tsohon fenti ko wurin fasa batir, tana iya isa ga tayinta. Samun isasshen kalsiyom da sinadarin ƙarfe yana rage wannan. Mai aiki da dalma ya wanke jiki ya sauya kaya kafin ya shiga gida, kuma a goge ƙura da jiƙaƙƙen tsumma maimakon shara.

Zaiba ta fi muni ta wani gefen, domin jinin cibiya kan riƙe ta fiye da jinin uwa. A Minamata ta Japan, inda aka gano cutar a 1956, wata masana'anta ce ke zuba ta a teku ta taru a jikin kifi. An sami uwaye da ba su nuna wata alama sosai ba, amma suka haifi yara masu mummunan lahani a ƙwaƙwalwa.

Dakta Bala ya ƙara:
Batun zafi kuwa, eh. Idan zafin jikin uwa ya kai digiri 39 a makonnin farko, hatsarin rashin rufewar bututun laka yana ƙaruwa. A sauke zazzaɓi da farasitamol, a nemi sanadinsa a asibiti, ba a zauna ana jira ya wuce da kansa ba.

Damuwa ta fi wuyar aunawa. Mabiyiya tana da wani sinadari da ke karya yawancin kotisol na uwa, wato sinadarin da jiki ke fitarwa lokacin damuwa, kafin ya isa ga tayi, shi ya sa ɓacin ran yau da gobe ba abin firgita ba ne. Yunwa mai tsanani daban take: yaran da uwayensu ke farkon cikinsu lokacin yunwar ƙasar Holan ta 1944 zuwa 1945 sun fi kamuwa da ciwon zuciya da suka manyanta.

Malam Haruna mai harhaɗa magunguna ya amsa:
Tunda bututun laka kan rufe kafin a san da ciki, folik asid, bitamin ɗin da ke taimaka masa ya rufe, tun kafin ɗauka ake fara shi: maikirogiram 400 kullum, aƙalla wata ɗaya kafin ciki har mako na 12. Wadda ta taɓa haifar jariri mai buɗaɗɗen baya, wato wanda bututun bai rufe ba, likita kan ba ta har miligiram 5.

Kuskuren da na fi tsoro shi ne mai farfaɗiya ta yanke maganinta da kanta. Maganin farfaɗiya na falfurowet na jawo nakasa ga kusan jariri 1 cikin 10, gaskiya ne, amma faɗuwar farfaɗiya na iya halaka uwa da tayi duka. Likita ne ke sauya shi a hankali, tun kafin ciki. Maganin ƙurajen fuska na isotiretinoyin kuwa, a daina shi a jira wata guda cif kafin a nemi ciki.