Farar shadda da baƙar fata a tsakar rana: ina iyakar gyaran hoto?

Daga Garwa:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu sana'ar hoto. Wata shida ke nan da na sayi kyamarar Fujifilm GFX 50S ta hannu, wadda ta fito a 2017, mai megafiksel 51. Sensarta, ɓangaren da ke kama hoto a cikin kyamara, milimita 44 ce da 33, wato ta ninka ta manyan kyamarorin da muka saba, mai 36 da 24, kusan sau 1.7. A hawan sallar da ta wuce na ɗauki wani dattijo bisa doki a ƙofar fadar Lamido, rana tana tsaka, yana sanye da farar shadda da rawani. A allon kyamara fuskarsa ta yi duhu ƙirin, amma da na buɗe fayil ɗin RAW (ɗanyen hoton da kyamara ba ta gyara ba) a manhajar gyaran hoto ta Lightroom na ɗaga inuwar, wato na ƙara mata haske, sai ga tsagen kumatunsa da furfurar gemunsa sun fito, aikin wuyan rigar kuma bai ƙone ba, wato haske bai shafe shi ba. Daɗi ya kwashe ni na ci gaba da ɗagawa, har hoton ya koma kamar zanen fenti. Waɗanda suka riga ni, a ina kuke tsayawa?

Daga Marwa:
Wa alaikumus salam, ɗana. Ni da faffaɗan fim mai lamba 120 na fara, saboda haka faɗin nan ba baƙona ba ne. Abin da na koya shi ne in auna haske a kan rigar, domin farin da ya ƙone ba ya dawowa, alhali inuwa a irin wannan sensa tana riƙe da bayani mai yawa. Amma samun bayanin bai wajabta maka fito da shi duka ba. Rawani yana yi wa goshi inuwa, kowa ya san haka da idonsa, kuma ranar da ka share ta, mai kallo zai ji akwai abin da bai yi daidai ba ko da ya kasa faɗin mene ne. Ina ɗaga fuska har idanu su bayyana, sannan in janye hannu. Haka hazon hunturu: na taɓa ɗaukar duwatsun Rumsiki a watan Janairu, na wanke rawayan ƙurar nan kakaf har sama ta yi shuɗi, sai wani mutumin can ya ce wannan ba garinsu ba ne a wannan lokaci. Tun daga nan nake ɗaukar kati mai launin toka a hoton farko don in san ainihin launin, in rage hazon kaɗan, in bar saura.

Daga Injamena:
Baba ya yi gaskiya, sai dai wahalata ta wani gefe ce, domin amare nake ɗauka. Tawa mai megafiksel 102 ce, kuma ba ta ɓoye komai: inda hoda ta taru a gefen hanci, ƙananan ƙuraje, har tsattsagewar lalle a tafin hannu. Ƙawayen amarya sukan matsa a goge fata ta yi sumul, a kuma ƙara mata haske. Sau ɗaya na biye musu, kuma da uwar amarya ta karɓi hoton ta daɗe tana dubawa, sannan ta tambaye ni a hankali inda kalar 'yarta ta tafi. Wallahi na ji kunya ƙwarai. Yanzu ƙurjin da ya fito saboda gajiyar biki kawai nake cirewa. Tsage, tabo da launin da Allah ya ba mutum ba na taɓa su. Ka kuma lura, Malam, baƙar fata idan aka ɗaga ta da yawa takan yi toka-toka, sai ka mayar mata da ɗan ja kaɗan, kana kwatantawa da bayan hannun mutumin. Abin takaici shi ne fayil ɗaya yakan kai megabayit 200, amma yawanci a WhatsApp ake kallonsa bayan an matse shi.

Daga Ngaundare:
Abu ɗaya zan ƙara. Nakan yi gyara da dare idan wuta ta dawo, allon kwamfuta a cike da haske, sai in an wanke hoton ya fito da duhu. Na rage hasken allon zuwa kusan rabi, kuma ba na miƙa aiki sai na sake dubansa da safe.

Daga Garwa:
Allah ya saka da alheri. Na koma kan fayil ɗin tun daga farko, na bar inuwar rawanin da ƙurar da kofaton dokin ya tayar, na wanke shi a babbar takarda. Ɗan dattijon ya zo jiya ya karɓa, ya kuma nemi a ƙara masa biyu saboda 'yan'uwansa da ke Yawunde.