Shawarwari ga mai son sanin tarihin Kaub

Waɗanda suka tattauna kan tarihin Kaub, ɗan ƙaramin gari a gaɓar kogin Rhine a Jamus, yawancinsu sun yarda cewa daga ruwa ya kamata baƙo ya fara. Sun ce ya shiga jirgin fito zuwa Pfalzgrafenstein, ginin da Sarki Ludwig na Bavaria ya kafa a 1326 a kan wani tsibiri a tsakiyar kogin domin karɓar kuɗin fito daga jiragen fatake. Farin gini ne mai siffar jirgin ruwa, kuma sai mutum ya leƙa ta tagoginsa zai gane cewa ba jirgin da ya isa ya sulale ba a gan shi ba. Sai dai a fara tambayar yanayin ruwa, domin idan kogin ya yi ambaliya ana dakatar da fiton.

Wasu sun fi ba da muhimmanci ga gidan tarihin Blücher, jagoran sojan Prussia da ya tsallaka da rundunarsa a nan a daren shiga shekarar 1814 yana bin sawun Napoleon. Nasu zaɓin bai kai na farko armashi ba a ganina, amma mai kwana guda zai iya haɗa duka biyun.