Musayar Waƙa Kan Alberto Ascari, Zakaran Tseren Mota na 1952 da 1953

Ɗan Auta

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Na karanta tarihin Alberto Ascari, direban motar tsere ɗan birnin Milan na Italiya, wanda aka haifa ranar 13 ga Yuli 1918, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda ƙarshensa ya yi kama da na mahaifinsa. Na buɗe da waɗannan baitoci, ina jiran mai amsawa.

Da sunan Allah nake buɗe baitina,
Kan ɗan Milan da ya gaji gudu da zarcewa.

Ubansa Antonio gwani ne na Alfa Romeo,
Yana kan gaba a Faransa mota ta yi kifewa.

Ranar 26 ga Yuli ce, a shekarar 1925,
Yaro ɗan shekara bakwai ya ɗanɗani zafin rabuwa.

Da ya girma bai guje wa hanyar uban ba,
Da babur na Bianchi ya fara kafin ya kai ga canzawa.

Abin da ya hana ni barci, ya iyayena,
Lissafi ne da ya zo daidai babu kaucewa:

Uba ya tafi yana da shekara 36 a duniya,
Ɗan ma a kan 36 ya riski tasa komawa.

Uba ranar 26 ga wata, ɗa ranar 26 ga Mayu,
Kowannensu a kwanar hagu mai gudu ya yi faɗuwa.

An ce ba ya son baƙar mage ta gitta masa,
Jakar shuɗiyar hular kwanonsa kuwa ba mai ikon taɓawa.

Ranar da ya sa hular wani, ranar ya tafi,
In ba ishara ba ce, me za a kira wannan haɗuwa?

Tsohon Makanike

Wa alaikumus salam, ɗana. Kwanakin da ka kawo daidai ne, amma ajali na Allah ne, ba ya bin kalanda, kuma raina yakan sosu duk lokacin da aka binne gwanintar mutumin nan a ƙarƙashin camfi. Na ƙarar da ƙuruciyata ina kwance inji ina ɗaurawa, saboda haka daga gareji zan amsa maka.

Ɗana, ka jingine ƙidayar ranaku a gefe,
Ka zo mu dubi abin da ya yi da sitiyari da birki.

A 1940 Enzo Ferrari ya ƙera motocinsa biyu na farko,
Ya damƙa wa Ascari ɗaya, a tseren titi na Mille Miglia ta fara aiki.

Da yaƙin duniya ya rufe filayen tsere,
Shi da Luigi Villoresi jigilar mai ce ke kai musu loma baki.

Villoresi ya zame masa yaya kuma malami,
Shi ya lallashe shi bayan yaƙi ya sake hawa doki.

Suka yi Maserati tare, a 1949 suka shiga Ferrari,
Ya ci Suwizalan, ya ci filin Monza na kusa da Milan, Italiya ta kwana biki.

Amma in za ka auna shi, tafi Nürburgring ta Jamus,
Kilomita 22 da ɗoriya cikin daji, inda ba a sakin jiki,

Kwanar hanya fiye da 170, wata a kan tudu, wata a gangare,
Wata ma ba a ganin bayanta sai an afka ciki.

A 1951 ya zaga ta sau 20, Juan Manuel Fangio, gwanin Ajantina, na kokawa da shi
A cikin Alfa Romeo wadda ta fi tasa ƙarfin doki.

Injin Alfa lita ɗaya da rabi ne, ana ɗura masa iska,
Yana gudu, amma yana shan mai kamar an huda tanki.

Na Ferrari lita huɗu da rabi ne, da kansa yake numfashi,
Ascari ya lallaɓa shi, ya riga Fangio, ya kwashe maki.

Ya ƙara da Monza, saura Barselona a raba gardama,
Ferrari ta zaɓi ƙananan tayoyin baya, suka zame masa tarnaƙi.

Roba ta yi ta ɓarewa, yana ta tsayawa canji,
Ya zo na huɗu, kambun duniya ya kuɓuce ba da laifin mai tuƙi.

Sai 1952, ga Ferrari 500 ta Aurelio Lampredi,
Silinda huɗu, lita biyu, mai sauƙin gyara, marar raki.

Beljiyam, Faransa, Ingila, Jamus, Holan da Italiya,
Shida a jere, da zagaye mafi sauri a kowacce: nan ne wurin mamaki.

Malamar Tarihi

Baba, Allah ya ƙara girma. Na yarda da kai cewa camfi ba ma'auni ba ne, sai dai tarihi yana da nasa ma'aunin, kuma akwai tambayar da na kasa haɗiyewa game da shekarar 1952.

Baba, shidan nan da ka jera gaskiya ne,
Sai dai ba ka faɗi waɗanda ya kara da su ba.

Alfa Romeo ta janye a ƙarshen 1951,
Domin kuɗin ƙera sabuwar mota bai samu ba.

Da masu shirya gasa suka ga fage zai zama kufai,
Suka koma dokar Formula 2 ta ƙananan injina, ba don sun so ba.

Dokar ta faɗo wa Ferrari kamar an auna ta,
Gordini da Cooper da HWM ba su kai ƙarfinta ba.

Fangio kuma ya yi hatsari a Monza a watan Yuni,
Ya karya wuya, bai shiga gasar duniya a shekarar ba.

Da Ascari ya tsallaka Indianapolis ta Amurka,
Inda ya tarar da abokan karawa da bai saba da su ba,

Cibiyar taya ta karye bayan zagaye 40,
Ya komo gida bai ga ƙarshen tseren ba.

Ana kuma cewa in yana gaba ba a kamo shi,
Amma in an bar shi a baya bai iya ƙwatar kansa ba.

To, zakaran da ya yi cara a gidan da ba zakaru,
Ta yaya za a san muryarsa in ba a ji ta wani ba?

Tsohon Makanike

'Yata, tambayarki tana bisa hanya, kuma duk abin da kika faɗa game da Alfa Romeo da Fangio haka yake. Ga tawa amsar.

Gidan bai rasa zakaru ba, 'yata,
Mu leƙa garejin Ferrari kansa mu faɗi gaskiya.

Giuseppe Farina na nan, zakaran 1950,
Mutum na farko da ya ɗauki kambun duniya.

Piero Taruffi na nan, Villoresi ma ya iso daga baya,
Mota iri ɗaya, mai iri ɗaya, iri ɗaya taya.

Idan inji ne kaɗai yake cin tsere,
Me ya hana su raba shidan nan, kowa ya ɗauki ɗaya?

A Silverstone shi ne a gaba tun daga tashi,
Taruffi da ya zo na biyu, da zagaye guda ya bar shi baya.

Batun ƙwatar kai kuwa, ki tuna Jamus a shekarar,
Ya tsaya ƙara baƙin mai ana dab da gama tafiya,

Farina ya wuce, shi kuma ya fito ya bi sawu,
Ya kamo shi kafin tuta, ya karɓe hanya.

A 1953 Fangio ya warke, ya dawo cikin Maserati,
Mai silinda shida, wadda ba ta wasa a miƙaƙƙiya.

Ascari ya ci Ajantina da Holan da Beljiyam,
Tara a jere, in an ware Indianapolis mai nata tsari ita ɗaya.

Sai a 2013 Sebastian Vettel ya kamo adadin nan,
Shekara 60 gwanaye na nema suna shan wuya.

A Silverstone ya sake ci, Fangio ne na biyu,
Wannan karon lafiyarsa lau, ba ya gadon jinya.

A Suwizalan inji ya yi tari, ya tsaya gyara,
Ya fito yana na huɗu, ya bi su ɗaya bayan ɗaya,

Ya wuce abokansa na Ferrari, Mike Hawthorn da Farina, ya kulle kambu na biyu,
Ba wanda ya riga shi yin biyu, kuma a jere, ɗan Italiya.

Sirrinsa, 'yata, ba ya kokawa da sitiyari,
Inda ya sa taya a zagayen farko, a na ƙarshe ba ya sauya.

Makanike yakan gane irin hannun nan in ya buɗe mota,
Zai tarar da haƙoran giya garau, kuloci ma lafiya.

Malamar Tarihi

Baba, hujjar 1953 ta gamsar da ni.

Na karɓi Suwizalan, na karɓi Silverstone,
Don a can bai yi cara a gidan da ba kowa ba.

Shidan 1952 kuwa zan ci gaba da ɗora musu alama,
Tun da gwanin da ya fi tsone masa ido bai fito ba.

Saura a gaya mana dalilin barin Ferrari,
Gidan da bai taɓa rasa motar nasara a cikinsa ba.

Direban Dogon Zango

Baba da Malama, ku ba ni izini in sa baki. Ni direban doguwar hanya ne, kuma nasarar da ta fi girma a idona ba a killataccen fili ya same ta ba.

A ƙarshen 1953 ba su daidaita kan albashi ba,
Ya ɗauki shuɗiyar hularsa ya bar Ferrari.

Ya koma Lancia ta birnin Turin tare da Villoresi,
Inda Vittorio Jano ke zana mota mai sabon tsari,

D50, mai tankuna a gefe biyu tsakanin tayoyi,
Don kada nauyi ya karkata in mai ya ragu, aiki ne na nazari.

Amma ba ta kammalu ba sai watan Oktoba na 1954,
Zakaran duniya ya kusa cin shekara yana jiran shiri.

A Barselona ta fito, ya fi kowa gudu a gwaji,
Ya shige gaba, kuloci ya mutu tun da wuri.

Cikin wannan jira ne ya shiga Mille Miglia,
Mil dubu, kusan kilomita 1,600, gari bayan gari,

Daga Brescia a gangara Rum a komo Brescia,
A kan titin kowa, ta tsaunuka da gadoji masu haɗari.

Shi kaɗai a Lancia D24, ba mai karanta masa hanya,
Kusan sa'a 11 da rabi yana riƙe da sitiyari.

Wanda ya taɓa wuni a kan hanya shi ya san
Yadda wuya ke ƙagewa, kunne ya toshe da ruri,

Shi kuwa da gudun tsere ya yi ta, ya riga kowa isa,
Gwanin gajeren zagaye ya nuna yana da dogon haƙuri.

Sai Monako, ranar 22 ga Mayu 1955,
Fangio ya fita, injin Stirling Moss da ke gaba ya fashe, gaba ta zama ta Ascari.

Ya fito daga kogon hanya zuwa 'yar kwanar bakin ruwa,
Motar ta fasa shinge ta afka teku da sauri.

Tururi ya tashi, sai ga shuɗiyar hula ta ɓullo,
Yana iyo da karyayyen hanci, ya tsira daga hatsari.

Ɗan Auta

Baba, na ajiye lissafin ranaku kamar yadda ka ce,
Amma akwai abin da zuciyata ta kasa warwarewa.

Wanda teku ta mayar wa iyalinsa ranar Lahadi,
Me ya kai shi Monza ranar Alhamis, bai gama warkewa?

Tsohon Makanike

Bai je Monza don ya yi tuƙi ba,
Kallon Eugenio Castellotti ya je a wannan rana,

Matashin da za su yi tarayya a mota a tsere mai zuwa,
Yana gwada Ferrari 750, Ascari a gefe ya zauna.

Direban da ya yi hatsari yakan so ya koma da wuri,
Kafin tsoro ya sami ɗaki a zuciyarsa ya kwana.

Da kayan zaman gari a jikinsa ya nemi ya ɗan zaga,
Ya ari farar hular Castellotti, tasa ba ta nan, ɗana.

A zagaye na uku, a Vialone mai lanƙwasa hagu,
Wadda ya sha bi da gudu, ya santa kamar suna,

Motar ta zame, ta wuntsila sau biyu, ta jefar da shi,
Cikin 'yan mintuna rai ya yi halinsa, ba a kai ga magana.

Ba a tabbatar da sanadin ba har yau,
An yi ta hasashe, amma ba hujjar da aka nuna.

Tsere 32 ya shiga a gasar duniya, ya ci 13,
Sau 14 shi ne a kan sahun tashi, wannan lissafin za ka tuna.

Milan ta fito ƙwanta da ƙwarƙwatarta, aka kai shi kusa da ubansa,
Lancia ta janye, ta miƙa wa Ferrari motocin da Jano ya zana.

A cikinsu Fangio ya ɗauki kambun 1956,
Motar da Ascari ya daɗe yana jira, a hannun wani ta nuna.

Shekara 70 suka shuɗe tutar Italiya ba ta sake kambun direba ba,
Ko da Ferrari ta yi ta ci da baƙi masu suna.

An karya Vialone gida uku don a rage gudu: hagu, dama, hagu,
Duk shekara motoci na bi ta nan, kuma Ascari ne sunan kwana.