Ratsa wayar lantarki ta ƙarƙashin titi ba tare da fasa kwalta ba

Ga abin da masana suka tsayar kan titi mai cunkoso irin na PZ ko Kwangila a Zariya.

Kafin komai, a gano inda bututun ruwa da wayoyin sadarwa suka bi, a tona ƙananan ramuka da hannu a gani da ido. Taswira kaɗai ba abin dogaro ba ce.

Injin haƙa ya fara huda siririyar hanya daga gefen titi, ana bin kan rodin da ke yin hudar da na'urar gano zurfi. Sai a faɗaɗa ramin kaɗan-kaɗan har ya kai ninki 1.5 na kaurin bututun HDPE (roba mai ƙarfi) da wayar za ta bi ta cikinsa, sannan a jawo bututun. Ruwan yumɓun bentonait da ake turawa ciki ne ke riƙe bangon ramin, yana fito da ƙasa. Idan ƙarfin turinsa ya wuce kima ko ramin bai yi zurfi ba, yakan ɓullo ta tsagar kwalta, titi ya kumbura.

Ƙasar Zariya marmara ce, dutse na kwance ƙarƙashinta, don haka a auna ta tukuna. Zurfi kuma yana hana waya huce zafi, dole a rage mata lodi ko a sa mai kauri. A bar ƙarin bututu ɗaya fanko don buƙatar gaba, a toshe bakinsa saboda damina.