Tattaunawa a kan "Sai an gwada akan san na ƙwarai"

Mai Tambaya: 'Yan'uwa, ina jin masu sayar da wuƙaƙe suna kawo wannan karin magana domin nuna cewa ƙarfen da ya fi daɗewa bai dakushe ba shi ne na ƙwarai. Shin sun yi amfani da ita a muhallinta?

Ɗan Maƙera: Malam, a ganina sun ƙuntata ma'anarta. Hausawa sun ce a gwada, amma ba su ce gwaji ɗaya ne ba. Nau'in ƙarfen da ake kira 1095, wanda sinadarin kabon ɗinsa bai kai kashi 1 cikin ɗari ba, yana kama tsatsa kuma bai kai nau'in ƙarfen da ake kira D2 riƙe kaifi ba, amma da zarar an goga shi a dutse sai bakinsa ya dawo. Shi kuwa D2, mai kabon kusan kashi 1.5 da kuromiyam kusan kashi 12, yana daɗewa yana yanka, sai dai ranar wasa shi mutum zai sha wahala. Wasawar ma ai gwaji ce.

Mahauci: Ban ƙi ta taka ba, Ɗan Maƙera, amma wanda ya wuni yana aiki da wuƙa ba ya son tsayawa wasa ta kowane lokaci. A wurina ƙarfen S30V mai sinadarin banadiyam kashi 4 ya ci gwajin, ko da yake dutse mai ƙurar daimon ya fi dacewa da shi, domin ƙwayoyin da banadiyam ke samarwa a cikinsa sun fi dutsen da aka saba da shi tauri.

Dattijo: 'Ya'yana, dukanku kuna da gaskiya, amma kun tsaya a kan sunan ƙarfe, alhali karin maganar gargaɗi take yi kada a yanke hukunci da suna. Ana iya ƙera wuƙa biyu da ƙarfe iri ɗaya, ɗaya ta yi taurin 56 a ma'aunin Rockwell na auna taurin ƙarfe, ɗaya ta kai 61, gwargwadon yadda aka gasa shi, aka tsoma shi a mai, aka sake ɗumama shi domin rage gautsi. Ta farko bakinta zai riƙa lanƙwashewa, ta biyu kuwa za ta fi riƙe kaifi amma tana iya ɓantarewa idan ta haɗu da ƙashi.

Mai Tambaya: Na gode, Baba. To, idan za a gwada, ke nan dole a wasa su a kusurwa ɗaya, misali digiri 20, kuma a yanka abu iri ɗaya?

Dattijo: Haka ne, kuma ka lura da tsawon lokacin da kowace ta ci maka kafin kaifinta ya dawo.