Abin da aka tattauna kan laimar da ke cin gindin bango

Ga taƙaitawar shawarwarin da aka bayar game da ruwan da ke tsattsafowa ta harsashin gini, musamman a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da gidajen Zariya da ke kwari kusa da kogin Kubanni.

1. Kowa ya yarda cewa a fara da sama: a gyara indararo, a yashe kwata, a yi ciko yadda ƙasa za ta gangara nesa da bango kafin ruwan Agusta.

2. Mafi yawa sun ce a haƙa rami a kewaye harsashi, a shimfiɗa bututun roba mai huji-huji a gefen gindinsa, a rufe shi da tsakuwa, a lulluɓe da ƙyallen tacewa don kada laka ta toshe hujin. Dole bututun ya karkata zuwa magudana, in ba haka ba ruwan zai kwanta a ciki.

3. An rabu kan kwalta. Wasu sun ce a shafe bayan bango da ita, wasu suka ce ba ta daɗewa idan ruwa bai sami mafita ba, kuma ni ma nan na karkata.

4. Masu son injin tsotse ruwa sun sha tambaya kan yadda za a yi ranar da aka ɗauke wuta ana tsaka da ruwan sama.

5. An yi gargaɗi cewa a gidan ƙasa kada a yi haƙa dab da bango sai da magini.